Addu'a da agogo: komawa shari'a ne ko horon kai?

Istifanus: Salama gare ku 'yan'uwa. Akwai maganar da ta daɗe tana cina, yau zan amayar da ita, wanda ransa zai sosu ya yi haƙuri. Ni a ganina, yanka wa addu'a lokaci, a ce sai ƙarfe kaza na asuba da ƙarfe kaza na dare, da kuma maimaita addu'ar da aka haddace, komawa ne ƙarƙashin shari'a irin ta Musa. Bulus ya ce mu yi ta addu'a ba fasawa, 1 Tasalonikawa 5:17. Wanda ba ya fasawa me zai yi da agogo? Yesu kuma ya hana maimaitawar banza a Matiyu 6:7. Wane ɗa ne yake duba agogo kafin ya yi wa mahaifinsa magana, ko ya zaro takarda ya karanta masa?

Bitrus: To fa. Bari in gyara zama.

Mama Saratu: Ɗana, ka karanta aya ta 7 ka rufe littafin. Sauka ƙasa kaɗan zuwa aya ta 9. Bakin da ya hana maimaitawar banza, shi ne ya ba mu Addu'ar Ubangiji, "Ubanmu wanda yake cikin sama". A Luka 11 ma almajiran ne suka roƙa a koya musu, bai ce musu su je su faɗi abin da ya zo bakinsu ba.

Istifanus: Mama, ku gafarce ni, tsari ya ba su, bai ba su hadda ba. Ku ajiye ta Matiyu kusa da ta Luka, za ku ga ta Luka ta fi gajarta, kalmomin ma ba ɗaya suke ba. Da so yake a riƙa biya ta kalma bayan kalma, ai da ba su bambanta ba. Kuma ku duba Ayyukan Manzanni daga farko har ƙarshe, babu inda aka ce manzanni sun tsaya sun biya ta tare.

Malam Dauda: Wannan hujjar tana da nauyi, ban raina ta ba. Sai dai ta nuna cewa an yarda a bambanta, ba ta nuna cewa an hana maimaitawa ba. A Getsamani, Matiyu 26:44 ya ce Yesu ya koma ya yi addu'a karo na uku yana faɗar magana iri ɗaya. A kan gicciye, kukan da ya yi, "Ya Allahna, don me ka yashe ni", farkon Zabura 22 ne. Kalmarsa ta danƙa ruhunsa a hannun Uba daga Zabura 31:5 take. A sa'ar da ta fi kowace tsanani, kalmomin Zabura da ya haddace ne suka fito bakinsa. Abin da Matiyu 6:7 ya tsawatar shi ne zaton al'ummai cewa yawan maganarsu ne zai sa a saurare su.

Batun lokaci kuwa, Ayyukan Manzanni 3:1 ya nuna Bitrus da Yahaya suna tafiya Haikali a lokacin addu'a, ƙarfe 3 na yamma. Ka lura, bayan Fentikos ne wannan, Ruhu Mai Tsarki ya riga ya sauko. A sura ta 10, da tsakar rana Bitrus ya hau kan soro a Yafa don ya yi addu'a. Daniyel kuma sau 3 a rana yake durƙusawa, har aka jefa shi ramin zakoki a kan haka.

Istifanus: Malam, dukkansu Yahudawa ne, al'adar da suka taso a ciki suke bi. Mu fa? Bulus ya ce wa Galatiyawa yana tsoron wahalarsa a kansu ta tashi a banza, don suna kiyaye ranaku da watanni da lokatai da shekaru. Galatiyawa 4:10 da 11.

Malam Dauda: Galatiyawa suna kiyaye su ne don su sami karɓuwa a gaban Allah, haɗe da kaciya. Faɗan ke nan. In wani a nan ya ce addu'ar asuba ce za ta cece shi, ni ma ina bayanka. Amma tun ƙarshen ƙarni na 1 ko farkon na 2, wani ɗan littafin koyarwa da ake kira Didake ya ce a yi Addu'ar Ubangiji sau 3 a rana. Wajen shekara ta 200, Tatuliyan, wani malamin Kirista na birnin Kataj a arewacin Afirka, ya yi rubutu a kan addu'a a sa'a ta 3 da ta 6 da ta 9, wato wajen ƙarfe 9 na safe da tsakar rana da ƙarfe 3 na yamma, ya kuma faɗa ƙarara cewa babu umarni a kansu, amma suna da amfani don su tuna wa mutum, su fizge shi daga hidimominsa. Tun can ake rarrabe doka da horon kai.

Baba Yohanna: Ku bar yaron nan ya numfasa, kun taru a kansa. Akwai gaskiya a bakinsa. Ishaya 29:13 ya yi maganar mutanen da suke girmama Allah da leɓe zuciyarsu tana nesa, Yesu kuma ya maimaita ta. Na tsaya a cikin taro na ga ana biya Addu'ar Ubangiji kamar ana tsere, aka wuce "ka gafarta mana kamar yadda muke gafarta wa waɗanda suka yi mana laifi" ba wanda ya ko girgiza, alhali akwai mutum biyu a wurin da ba sa gaisawa. Wannan abin kuka ne. Amma ɗana, ga tawa tambayar. Addu'ar da kake cewa daga zuciya take, ka taɓa sauraron kanka? Yawancinmu da muke alfahari ba ma karanta addu'a, muna da haddarmu, ba mu rubuta ta ba ne kawai. Da kalma ɗaya muke buɗewa kullum, da ɗaya muke rufewa, buƙatun ma su ke nan: lafiya, aiki, kariya, 'ya'ya.

Bitrus: Baba kun taɓo ni. Akwai wanda in an ba shi addu'ar rufe taro, zan iya riga shi faɗar jimla ta gaba. Ba zan kama suna ba.

Istifanus: Na ji, Baba. Amma gara kalmomina marasa kyau da kalmomin wani masu kyau. Kuma ba ni na fara wannan ra'ayi ba. John Bunyan, wani mai wa'azi, ya yi shekara 12 a kurkukun Bedford a Ingila, daga 1660, kuma a can ya yi rubutu yana ƙin addu'ar littafi, yana cewa Ruhu ne ke koya wa mutum addu'a. Romawa 8:26 ce hujjarsa: ba mu san yadda ya kamata mu roƙa ba, Ruhu ne yake taimakonmu.

Malam Dauda: Haka ne, amma ka dubi zamanin. An kama shi ne don yana wa'azi ba da izinin hukuma ba. A 1662 majalisar Ingila ta yi dokar da ta tilasta wa kowane mai hidima amfani da littafin addu'a guda, kusan fastoci 2,000 suka bar aikinsu. Sarki ne yake ɗora littafi a wuyan mutane da ƙarfin kurkuku. Wa ya ɗora maka a nan? Martin Luther kuwa, wanda ba za ka zarge shi da son shari'a ba, a 1535 ya rubuta wa mai yi masa aski wasiƙa a kan yadda ake addu'a. Ya ce ta zama aikin farko da safe da na ƙarshe da dare, a kuma yi hattara da tunanin nan na "bari in gama wannan tukuna". Ya ce a bi Addu'ar Ubangiji roƙo bayan roƙo, amma in zuciya ta kama wuta a kan ɗaya, a bar sauran a tsaya a nan, Ruhu ne ke wa'azi. Ka ga mutum ɗaya ya riƙe duka biyun.

Rifkatu: Ku yi haƙuri in sa baki, don tun ɗazu tarihi ake yi, ba a zo kan irinmu ba. Ni ma'aikaciyar jinya ce. Mako guda ina aikin dare, na gaba ina na safe, ga yara. Lokacin da kuke kira asuba, wani lokaci shi ne lokacin da nake cire takalmi. Na sha zama ƙarƙashin wa'azin da ake cewa wanda bai tashi tsakar dare ba, ko bai yi awa guda a durƙushe ba, Kirista ne mai sanyi. Abin da wannan ya haifar mini shi ne, ranar da lokacin ya wuce ni, sai in ji kunyar yin addu'a gaba ɗaya, in yini ban ce komai ba. Malam, kun ce ba wanda ya ɗora mana. An ɗora. Ba da kurkuku ba, da kallo da tambaya. Ni ina tare da ɗan'uwa Istifanus a nan.

Malam Dauda: 'Yar'uwa, wanda ya yi wannan wa'azi ya mai da mataimaki alƙali. Ba zan kare shi ba.

Mama Saratu: 'Yata, Allah ya ƙara miki ƙarfi. Addu'ar da kike yi a zuci kina ɗaura wa mara lafiya ruwa, addu'a ce cikakkiya. Hannatu leɓunanta kawai suke motsi, har Eli ya ɗauka ta bugu, Allah kuwa ya ji. Amma bari in gaya muku abin da ya sa nake kare hadda. Lokacin jinyar maigidana, na kai inda in na buɗe baki ba abin da ke fitowa. Ba kalmomina, ba masu kyau ba marasa kyau. Zabura 23 da 121 da aka sa ni haddacewa ina yarinya, ina gunaguni, su na yi ta biyawa. Istifanus, ka ce gara kalmominka. Ranar da ba ka da su fa?

Istifanus: Mama, ranar nan Ruhu zai yi roƙo da nishe-nishen da ba su faɗuwa. Ayar da na kawo ke nan.

Mama Saratu: Zai yi. Wa ya ce maka ba shi ne ya tuno mini da Zabura ba?

Bitrus: Ni dai a kan tsawo nake so a yi magana. A Dutsen Karmel annabawan Ba'al 450 sun yi ta ihu tun safe har yamma, ba amsa. Iliya ya yi addu'ar da ba ta wuce aya biyu ba, wuta ta sauko. Masu riƙe mu awa guda su duba 1 Sarakuna 18.

Baba Yohanna: Ka duba aya ta 36 da kyau. Lokacin miƙa hadayar maraice Iliya ya jira. Labarin naka ya yanki kowa.

Malam Dauda: Batun Rifkatu ya tuna mini da Agustin, bishop na Hippo a arewacin Afirka. Wajen 412 wata gwauruwa mai suna Proba, wadda ta gudo daga Roma bayan an washe birnin a 410, ta tambaye shi yadda za ta yi addu'a. Ya amsa cewa marmarin Allah da ba ya yankewa shi ne addu'ar da ba ta fasawa, amma muna komawa ga kalmomi a wasu sa'o'i don kada hidimomi su sanyaya marmarin. Ya kuma ba ta labarin 'yan'uwa a Masar masu yin gajerun addu'o'i akai-akai, kamar ana harba su. Nehemiya ma haka ya yi. Sarki Artashate ya tambaye shi me yake so, kafin ya amsa ya yi addu'a ga Allah na Sama. Sai dai sura ta 1 ta littafinsa ta nuna tun watan Kisle na Yahudawa yake azumi da addu'a dare da rana, wannan kuwa a watan Nisan ne. Wata 4 ne suke tsaye a bayan wannan numfashi guda.

Rifkatu: Malam, Nehemiya ba ya canjin aiki kowane mako. Ni amsa ɗaya nake so. Baba, in Kirista ya yini bai keɓe lokaci ba, amma yana ta magana da Allah a tsakiyar aikinsa, ya yi zunubi?

Baba Yohanna: Bai yi ba, 'yata. Babu ayar da zan tsaya a kai in ce ya yi. Amma in wata ya bi wata haka, zan tambaye shi yaushe yake tsayawa ya furta zunubinsa ɗaya bayan ɗaya, yaushe yake roƙo domin maƙiyinsa da suna. Waɗannan ba sa zuwa a guje. Yesu da kansa, wanda bai taɓa rabuwa da Uba ba, Markus 1:35 ya ce ya tashi da asussuba ya tafi wurin da ba kowa. Ke naki asuban yana iya zama ƙarfe 2 na rana, wannan tsakaninki da Ubangijinki ne.

Istifanus: To Baba, tunda ba zunubi ba ne, a faɗe shi haka a kan mumbari, kamar yadda kuka faɗa yanzu. Keɓewa ban ƙi ba. Abin da nake ƙi har yanzu shi ne a ba sabon tuba takarda da agogo tun ranar farko. Abin da zai koya shi ne Allah yana ƙirga minti.

Mama Saratu: In ba ka ba shi komai ba, abin da zai koya shi ne kwaikwayon wanda ya fi kowa ɗaga murya a taro. Wannan ma hadda ce, kuma ba ta kai Zabura ba.

Istifanus: A ba shi Zabura ya karanta, Mama, ban hana ba. Karatu daban, addu'a daban.

Malam Dauda: A nan kam ban yarda ba ko kaɗan. A Ayyukan Manzanni 4, da aka saki Bitrus da Yahaya, masu bi suka ɗaga murya ga Allah, tsakiyar addu'arsu Zabura 2 ce, daga nan suka shiga roƙon ƙarfin hali. Nuna mini a wace aya karatun ya ƙare addu'ar ta fara.

Rifkatu: Ni zan shiga aiki. Ɗan'uwa Istifanus, kada ka amsa wa Malam a gurguje, ina so in tarar da amsar in na fito.