Abin da littafin ciniki bai nuna mana ba

Mai lema:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗana ya kawo mini lissafi, wai tunda cinikin data ya yi shekara uku yana hawa, nan da shekara biyar zai ninka, in ba shi jari. Na rasa amsa, don ni ma na taɓa irin wannan lissafin. Da wayar salula ta shigo a 2001, sim ɗaya ya haura naira dubu ashirin, sai mutane suka riƙa tururuwa ƙarƙashin lemata suna kira. Wata bayan wata ciniki na ƙaruwa, na ci bashi na ƙara waya biyu. A 2003 aka fara cajin kira da daƙiƙa maimakon minti, sim ya yi arha, kowa ya mallaki wayarsa. Lemar ma ƙarshe mai kayan miya na bai wa. Wa ya taɓa gamuwa da haka?

Dillalin faifai:
Baba, ciwonmu ɗaya. A kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano muka bar kaset muka koma CD, muka ɗauka gaba ma wani faifan ne zai zo. Ashe faifan gaba ɗaya za a daina. Yara masu tura fim a memori suka fara cin kasuwar, YouTube ya ƙarasa. Har yau akwai kwalaye a ɗakina.

Mai gyaran kwamfuta:
Ni dai ba zan ce lissafi banza ba ne. Tun 1965 wani masanin kimiyya, Gordon Moore, ya lura adadin taransista (ƙananan makunnan lantarki) a guntun da ke sarrafa kwamfuta na ninkawa, kuma hakan ya ɗore shekaru masu yawa. Amma ga inda na faɗi: na riƙa gaya wa kwastomomi gudun injin ma haka zai yi ta ninkawa. Wajen 2005 ya tsaya kusan gigahaz (ma'aunin gudun injin) 3 zuwa 4, saboda zafi ya fi ƙarfin fanka. Kamfanoni suka koma haɗa ƙwaƙwalwa biyu, huɗu, a guntu ɗaya. Jadawalin da nake dubawa bai san da maganar zafi ba.

Hajiya mai POS:
Ni tawa a juye ta zo. Da aka ƙaddamar da eNaira, wato nairar intanet ta Babban Bankin Najeriya, a Oktoban 2021, ƙanena ya ce in rufe, zamanin tsabar kuɗi ya wuce. Allah Ya sa ban rufe ba. Farkon 2023, lokacin canjin takardun naira, mutane tun asuba suke jirana, har tsofaffin da suka rantse ba za su yi taransifa ba suka koya. Wannan daga sanarwa ɗaya ta Babban Banki ya fito, ba daga wani jadawali ba.

Mai lema:
Na gode ƙwarai. Hajiya, zan ba shi rabin jarin, amma shagon haya zai kama na shekara ɗaya, ba zai gina ba. Malam mai gyara, ka zo ka yi masa bayanin zafin nan da bakinka, ya fi jin maganarku.