Abin da aka tattauna kan gane tamowa a Gombe

Ga abin da na tsinta daga bakin jama'a:

1. Kusan kowa ya yarda da tef ɗin awon damtse ga yara 'yan wata 6 zuwa 59. In ya nuna ja, ƙasa da santimita 11.5, sai asibiti. Amma in an matse shi, awon ya tashi a banza.

2. Kumburi: a danna bayan ƙafafu biyu daƙiƙa 3. In rami ya zauna, tamowa ce mai tsanani. Sikeli zai nuna yaron da nauyi, alhali ruwa ne. Wannan ya fi tsaya mini a rai.

3. Tambayar "me ya ci jiya?" nan aka rabu. Wasu sun ce tana taimakawa, wasu sun ce kunya kan sa uwa ta ƙara.