In zauna a babban kamfanin IT ko in koma ƙarami?

Salam 'yan uwa, don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya hana ni barci. Shekara 2 ke nan ina aiki a wani babban kamfani mai yi wa bankuna manhaja. Gaskiya albashi ba ya latti, akwai inshorar lafiya, har kuɗin jarrabawar AWS (ta samun shaidar ƙwarewa a ayyukan kwamfuta na kamfanin Amazon) suka biya min. Amma kullum abu ɗaya, korafi ya shigo in gyara in rufe, sabon abu kuwa ban taɓa ginawa da hannuna ba, manaja ma sai a mitin nake jin muryarsa. Yanzu wani ƙaramin kamfani na nema na, zan koyi aiki sosai amma ina tsoron su durƙushe. Wanda ya taɓa yin irin wannan canjin, yaya ta kaya maka?