Haɗa jan ƙarfe da sitenles a injin CERN: walda ce ko me?

Mai gyaran firij, Ƙofar Ƙaura:
Salamu alaikum. Ƙanena da ke karatun fiziks ya ce a CERN, cibiyar binciken kimiyya da ke kusa da birnin Janiba na Switzerland, injinsu na gwara ƙwayoyin zarra mai kewayen kilomita 27 yana da wuraren da aka haɗa jan ƙarfe da sitenles. Ni da waldar gas nake haɗa bututun firij. Su ma haka suke yi?

Malamin makaranta, Ƙofar Soro:
Wa alaikumus salam, Malam. Kusan aikinka ne, sai dai ba harshen wuta. Jan ƙarfe yana narkewa a digiri 1085, sitenles sai wajen 1400, shi ya sa narka su tare ke ba da wahala. Sukan sa siririn gamin azurfa da jan ƙarfe a tsakani, su zuba a tanderun da aka zuƙe wa iska. Gamin yana narkewa a wajen 780, ya kwarara ya cike mahaɗar.

Mai gyaran firij:
To sandar tagulla fa, Malam? Ta fi araha.

Malamin makaranta:
Haba! Akwai tutiya a cikinta, tururinta zai ɓata bututun injin, wanda ake so ba iska ko kaɗan a cikinsa. Hodar waldar da kake barbaɗawa ma ba sa kusantarta. Bayan an gama, da iskar hiliyam ake neman yoyo.

Wani daga Daura:
Alminiyam da sitenles ne suka fi taurin kai, mahaɗar kan tsage. Wani lokaci da nakiya ake manne farantan biyu, ko a juya ɗaya da gudu a danna shi jikin ɗayan har su kama.