Neman shawara: Morrigan ta cikin Smite, ina asalinta?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina haɗa ɗan bidiyo da Hausa a kan Morrigan ta wasan bidiyon Smite. Buga ta kam na iya, amma iyakar sanina a kanta abin da wasan ya nuna ne: tana ɓacewa, tana rikiɗa ta koma duk wani jarumin da ke fili. In tsaya a nan, ko akwai asalin da zan tono?

Wani ɗan uwa: Wa alaikumus salam. Tono, malam. A 2017 Hi-Rez, kamfanin da ya yi wasan, suka saka ta, alhali labarinta na rubuce a littattafan ƙasar Ayalan tun ƙarni na 12. Nemi Táin Bó Cúailnge, labarin yaƙin da aka yi kan bijimi. Ta zo wa jarumi Cú Chulainn a siffar budurwa, ya ƙi ta. Yana cikin faɗa a mashigin ruwa sai ta dawo kifi mai kama da maciji ta naɗe masa ƙafa, ta koma kerkeci, ta koma karsana, kowane karo yana ji mata ciwo. Can ya tarar da wata tsohuwa tana tatsar saniya. Sau uku ta ba shi madara, duk kurɓi ya sa mata albarka, raunukanta suka warke. Ashe ita ce! Wannan kaɗai ya ishe ka bidiyo guda.

Wata 'yar uwa: Rikiɗar masu wasan sun kamo daidai, da batun cewa ana ɗaukar ta a matsayin 'yan'uwa mata uku. Amma ni a ganina sun rage mata kwarjini. A tsohon labari aikinta jefa tsoro ne da faɗin wanda ajalinsa ya zo, hankaka ce mai shawagi a fagen fama. Wasa kuwa dole a miƙa mata abin kashe mutum nan take, in ba haka ba wa zai zaɓe ta?

Wani kuma: Ka dai kula da hotunan intanet. Morrigan ta wasan Dragon Age mayya ce, ta wasan Darkstalkers kuma aljana, suna kawai suka ara.

Shugaban zaure: Ƙanena, faɗi tun a buɗe baki cewa tatsuniyar mutanen da ce, ka huta da masu sharhi. Waɗanda suka rubuta ta ma malaman Kirista ne.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Tunda Cú Chulainn ɗin yana cikin Smite, wa zai buga shi daren Asabar in ɗauki faɗanmu?