Gwamna ne, ko shugaba, ko Ra'isi?

1/ Jiya ina fassara wani labari kan Rustam Minnikhanov, mai mulkin Tatarstan, ɗaya daga cikin jamhuriyoyin da ke cikin Rasha, sai na cije a kan muƙaminsa. Tun farkon 2023 ba a ce masa shugaban ƙasa, "Rais" ake ce masa. Masana Hausa, a taimaka min, me za mu kira shi?

2/ Ga mutumin a taƙaice. An haife shi a 1957 a wani ƙauye na Tatarstan, ya yi karatu a kwalejin aikin gona ta Kazan, babban birnin Tatarstan. Ya zama ministan kuɗin jamhuriyar a 1996, firaminista a 1998, sai a 2010 ya gaji Mintimer Shaimiev a kujerar shugaban ƙasar Tatarstan. Shi ne kuma shugaban hukumar gudanarwar kamfanin mai na Tatneft. Gwanin tseren mota ne. A Nuwamban 2013 ɗansa Irek na cikin mutum 50 da suka rasu a hatsarin jirgin sama a Kazan. Allah ya ji ƙansu.

3/ To ina matsalar take? Mosko ta daɗe tana cewa shugaban ƙasa ɗaya ne a Rasha, na fadar Kremlin. Ramzan Kadyrov na Chechniya ya yi saurin ajiye laƙabin, sauran jamhuriyoyi suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya. Tatarstan ce kaɗai ta yi gardama fiye da shekara goma, har sai da dokar tarayya ta Disamban 2021 ta rufe ƙofa. Da aka matsa musu lamba, 'yan majalisar Kazan suka zaɓi "Rais".

4/ Wani ɗan'uwa ya ce min kawai in ce gwamna, kowa zai gane. Gaskiya ne, a aikace kamar gwamna yake. Amma Tatarstan jamhuriya ce mai tsarin mulkinta da harshenta da firaministanta. Ka ce masa gwamna, ka gama wa Mosko aikin da ta shekara goma tana nema.

5/ Wata 'yar'uwa daga Damagaram ta ƙara da cewa a wajensu ma gwamna naɗa shi ake yi, shi kuwa wannan zaɓensa aka yi. Sai na ga kalmar ta ƙara sanyi.

6/ An kawo "jagora". Wannan ta fi dacewa da ɗan jam'iyya ko limamin tafiya. An kawo "sarki", na yi dariya. "Hakimi" kuwa ƙasƙanci ne ga mai riƙe da mutum kusan miliyan 4 da rijiyoyin mai.

7/ Abin da ya tsaya min a rai: duk wanda ya zauna a Islamiyya ya san "ra'isul jumhuriyya". Da Larabci, ra'is shi ne shugaban ƙasa. Wato Tatarawa an hana su kalmar ta ƙofar gida, suka shigo da ita ta taga, da harshen da Musulminsu ke girmamawa. Wayo ne, kuma fassarar da ta goge shi ta yi asara.

8/ Saboda haka a rubutuna zan ce Ra'isin Tatarstan, jam'i Ra'isai idan ta kama. A ambaton farko zan ƙara "shugaban jamhuriyar Tatarstan ta Rasha", daga nan Ra'isi kawai. Malamin da ya ce harafin ƙarshe ya zama "i" don harshen Bahaushe ba ya son tsayawa a kan baƙi, na karɓi gyaranka, na gode.