Ɓarna ce ko asara? Muhawara kan wutar da injin iska ke sha a masana'anta

Makanikin Iska: Assalamu alaikum 'yan zaure. Abu ɗaya ke ci mini tuwo a ƙwarya. Duk zaman da za a yi kan rage kuɗin wuta a masana'anta, sai a ɗauko maganar sabon moto da ta sola, ba mai waiwayar bututun iska, alhali nan ɓarnar take. Wutar da kwamfuresa, wato injin matsa iska, ke sha, abin da ke isa bakin aiki bai fi kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ba, saura duk zafi ne. Inda kuma ba a kula da layi, yoyo kaɗai na kwashe kashi 20 zuwa 30 na iskar. Ku ɗauki kwamfuresa mai kilowat 75 da ke aiki awa 6,000 a shekara: kilowat-awa 450,000 ke nan. In rubu'in iskar ta mahaɗa da tsagaggen tiyo take fita, an zubar da wajen 112,500. Gwajin ba ya cin kuɗi. Idan an tashi aiki, a rufe duk injinan da ke shan iska, a bar kwamfuresa a kunne, a auna minti nawa yake ɗaukar lodi, wato yana matsa iska, minti nawa yake saki. Minti 2 da lodi, minti 6 babu lodi, yoyonka kashi 25 ne. Sai a bi mahaɗa da kumfar sabulu. Me ya sa ake raina wannan aikin?

Injiniyan Lantarki: Wa'alaikumus salam. Malam, gyara kalmar nan ta "ɓarna". Iska in aka matse ta dole ta yi zafi, halittarta ke nan, ko wane kamfani ya ƙera injin. Wannan asara ce. Ɓarna ita ce abin da sakacin mutum ya jawo. In ka haɗa su a buhu ɗaya, maigidan masana'anta zai ɗauka ma'aikatansa ne ke ƙone masa kashi 85 na wutar.

Mai Tukunyar Tururi: A'a Injiniya, ɓarna ce. A kwamfuresa mai sukuru, wato mai matsa iska da sukuru masu juyawa cikin mai, mafi yawan zafin nan a wajen sanyaya man yake taruwa. A sa na'urar musayar zafi a layin man, a samu ruwa mai ɗumin digiri 60 zuwa 70, a tura shi tankin da ke ciyar da tukunyar tururi ko wajen wanki. Abin da za ka iya tarewa ka bar fanka ta hura shi waje, me sunansa?

Injiniyan Lantarki: Masana'antar da ba ta buƙatar ruwan zafi fa? Ta tara ta kai ina? Ku mutanen tururi komai sai kun ja shi tukunyarku.

Mai Tukunyar Tururi: To a can asara, a nan ɓarna. Amma kada ka ce mini ba a iya komai a kai.

Mai Haɗa Fanel: Ku bar wannan. Ɓarnar gaskiya tana cikin fawa fakta, wato ma'aunin da ke nuna nawa ne cikin wutar da moto ke ja yake zama aiki. Moto mai jan amp 100 a fawa fakta 0.8, ka sa masa kapasita, na'urar da ke ɗaga fawa fakta, ta kai shi 0.95, amp ya sauko 84. Kashi 16 na wuta ya dawo aljihu ba ka taɓa bututu ko ɗaya ba.

Mai Binciken Makamashi: Ɗan'uwa, amp ba shi ne abin da mita ke ƙirgawa ba. Yi lissafin: layi uku, bolt 400, amp 100, fawa fakta 0.8, kilowat 55 ne da ɗoriya. Amp 84 a 0.95, kilowat 55 ɗin ne dai. Abin da ka samu shi ne waya da taransifoma sun huta, zafin wayar da ke kawo wuta zuwa kapasitar ya ragu da kusan kashi 29, kuma in kamfanin wuta na cajin kVA, wato lissafin bolt da amp ba tare da fawa fakta ba, ko yana cin tarar ƙaramin fawa fakta, wannan ya sauka. Riba ce, amma ba kashi 16 na kilowat-awa ba. Da irin wannan lissafin ake sayar wa mutane akwatin da ba ya rage komai.

Mai Haɗa Fanel: Hajiya, macuci kike kira na ke nan?

Mai Binciken Makamashi: Ban ambaci sunanka ba, lissafi na gyara. Ka kuma gaya musu cewa in akwai inbata, wato na'urar sarrafa gudun moto, da yawa a layin, kapasita zalla ba tare da riyakta, kwail ɗin da ke kare ta, ba takan kumbura ta fashe.

Mai Haɗa Fanel: Wannan kowane yaron shago ya san shi.

Injiniyan Lantarki: Tunda an ambaci inbata, nan maganin yake. Kusan kashi 70 na wutar masana'antu moto ne ke shan ta. A fanka ko famfo, rage gudu da kashi 20, ƙarfin da ake ja ya koma 0.8 sau 0.8 sau 0.8, wato 0.51, kusan rabi. Maimakon a bar moto na gudu ƙarshe ana maƙure bawul, a sa inbatar, wato VFD. Kwamfuresan ma haka.

Mai Tukunyar Tururi: Kwamfuresan ba haka ba, ranka ya daɗe. Wannan ƙa'idar ta fanka ce da famfo mai juya ruwa. Mai sukuru in ka rage gudu da kashi 20, abin da zai ragu bai wuce kusan kashi 20 ɗin ba. Ribar VFD a kansa ita ce ya daina juyawa babu lodi, inda yake shan rubu'i zuwa sulusin wutarsa ba ya ba da iska. In kuwa kullum a cike yake da lodi, inbatar ƙarin kashi 2 zuwa 3 za ta ci. Famfon da ke tura ruwa sama mai nisa ma ba ya bin lissafinka, ka rage gudu sosai ruwan ya ƙi hawa.

Injiniyan Lantarki: Na yarda da na famfo. Amma dai tsohon moton da aka sake naɗa wa kwail sau uku ya fi kowane yoyo ɓarna. Tun Yulin 2021 Tarayyar Turai ta wajabta ajin ingancin moto na IE3 daga kilowat 0.75 zuwa 1,000, a Yulin 2023 ta sa IE4 daga 75 zuwa 200. Ba banza suka yi ba.

Mai Naɗin Kwail: Oga, dama na san a kanmu za ta ƙare. Naɗi ba ya kashe moto, mugun naɗi ke kashe shi. Wanda ya babbake tsohon kwail da wutar gas, ya ƙone rufin da ke tsakanin faifan ƙarfen ciki, ya sa wayar da ta fi ta asali siranta, shi ya rage ingancin. A ƙone a tanda mai ma'aunin zafi, kada ya wuce wajen digiri 370, a ƙirga zagaye, a mayar da kaurin waya yadda yake, moto zai dawo yadda ya fito. Sabon naku kuma ya ɗan fi tsohon gudu, ka ɗaura shi a fanka ba ka duba fuli, wato ƙafar da bel ke hawa, ba, wutar da ka ce ka rage fankar ta shanye.

Injiniyan Lantarki: Nawa ne a cikinku ke da tandar?

Mai Naɗin Kwail: Nawa ne a cikinku ke auna lodi kafin ya zaɓi moto? Ku ne ke ɗora kilowat 30 inda 15 ya isa.

Makanikin Iska: Jama'a, maganar yoyo na kawo. Ko saukar da matsi ba wanda ya taɓa, alhali kowane bar 1 na matsin iska da aka rage, wajen kashi 7 na wutar kwamfuresa ne. Ana ajiye geji a bar 8 saboda matatar da ta toshe, aikin kuwa 6 yake so.

Injiniyan Lantarki: Ka janye "ɓarna" tukuna, sai mu zo kan geji.

Makanikin Iska: Ba zan janye ba.

Shugaban Zaure: To, a tsaya nan haka. Abin da na fahimta: zafin kwamfuresa asara ce ta dole kamar yadda Injiniya ya bayyana, kuma ban ga an kawo hujjar da ta rushe wannan ba. Babbar hanyar rage wuta ita ce moto mai aji IE3 zuwa sama tare da VFD, mu da muke ɓangaren lantarki mun daɗe muna faɗa. Kapasita na da amfaninta. Masu naɗi su nemi tanda. Batun yoyo aikin gyaran yau da kullum ne, Malam Makaniki ya tura wa masu kula da bututu. Na rufe sharhi.